Kada Ka Ba Ni Ajiya, Mutari

Yekuwa, ranar Litinin da hantsi.

Zuwa ga jikana, mijina marar cefane, Mutari.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar karatu, ina gaishe ka da gajiyar yawo, don na san ta biyun ta fi yawa. Ina fatan wasiƙar nan ta same ka a Magarya kafin ka hau motar Damagaram. Allah ya tsare maka hanya, ya raba ka da direba mai gaggawa da aboki mai daɗin baki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ta daina zama labari.

Kafin komai ga kacici-kacici, tunda kai ne mai bak a gidan nan, ka ci jarrabawar gama lise, wato babbar sakandare, har kana tafiya kamar ƙasa ta yi maka laifi. Na ajiye ta da ranta. Gara ba ta taɓa ta ba, ɓera bai lasa ba, ruwan sama bai same ta ba. Ranar da na ɗauko ta fes take kamar jiya aka yi ta, amma aka ce mini gawa ce. Mece ce, kuma wa ya kashe ta? Kada ka leƙa ƙarshen wasiƙa. Na san halinka, tun kana rarrafe daga ƙasan tukunya kake fara cin tuwo.

Ranar Juma'a da ka kira a talhon ubanka ka gaya mini abu biyu. Ka ce makarantar ƙasar wajen da kake nema ba za ta duba dosiyenka ba, wato takardunka na neman gurbi, sai da takardar shaidar ka iya Faransanci, kuma jarrabawar ba iri ɗaya ba ce, wai in zaɓa maka tunda ni ce tsohuwar ƴar lakwal, ƴar bokon gidan. Sannan ka ce in takardar ta fito za ka kawo mini in ajiye, sai hali ya samu ka tafi. Na yi dariya, na ce maka miji bai kawo ko gishiri ba zai kawo takarda. Kai ma ka yi dariya. Da na miƙa wa ubanka talhonsa sai na nemi turmi na zauna.

Shi ya sa na ɗauki bik in rubuta maka. A talho bakina wasa kawai ya iya. Kwana uku ke nan ina wannan rubutu, in ka ga ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da muciya.

Bari in fara da Faransancina, tunda shi kake taƙama da shi. Aji biyar na yi a lakwal, ban kai ga sertifika ba. A zamaninmu akwai wani ƙashin jaki da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa, ni kuwa na fi kowa shan rataya, har ƴan aji suna cewa sarƙata ce. Abin da na fito da shi bai cika ludayi ba: gaisuwa, ƙirga, sunayen watanni, da waƙa guda wadda har yau ban san me take cewa ba. Amma a ƙauyenmu ludayin nan ya zama rijiya. Takardar likita, takardar kiran hukuma, duk wurina ake kawowa. Sai in riƙe ta nesa, in girgiza kai, in ce "hm". Rabin abin da nake karanta wa mutane daga kaina yake fitowa. Na taɓa gaya wa wani dattijo takardarsa ta ce ya rage faɗa da matarsa, alhali ta allurar shanu ce. Ya rage kuwa. Irin wannan ne ya sa na ɗauka ƙaryata ba ta da illa.

Kai abin ma da haushi. Yaro ya yi shekara goma sha uku ana dukansa da Faransanci, ya ci bak da Faransanci, sannan a ce sai ya sake zama ya nuna ya iya. Amma ƙofarsu ce, su ke da ikon tambaya. Haushin ka ajiye shi a gida, ba ya cikin abin da ake ba maki.

Yanzu maganar baffanka Laminu, autana, wanda ke kabu-kabu da babur a Dungas. Abin da ka sani a kansa shi ne ya yi irin wannan jarrabawa ya faɗi. Haka ubanka ya sani, haka duk Yekuwa ta sani. To ka gyara zama.

Laminu ya fi ka kai, kada ka ji haushi. Shekarar da ya ci bak, wani mushensu na lise, malamin da ke koya musu ilimin halittu, ya samo masa hanyar zuwa waje karatun likitan dabbobi. Yaron da tun yana ƙarami in saniya ta ƙi kiwo shi ma ba ya cin abinci. A shekarar nan kakanka ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ina fita takaba aka ce sai an je Damagaram a rubuta sunan Laminu a jarrabawar Faransanci. Muka sayar da karsana. Na ce ƙafata ƙafarsa. Ya ce, "Inna, ai zan iya ni kaɗai." Na ce, "Wa ya fara jin Faransanci a gidan nan, ni ko kai?"

Amalanke ya kai mu Magarya, mota ta kai mu Damagaram. Na ci ado da zanen da nake zuwa biki. A biron, ofishin da ake rubuta suna, muka tarar da wata mata mai tabarau a bayan tebur. Ina shiga na rigaye Laminu, na ce, "Bonjur madam, sa ba biyan?" Matar nan ta ɗauka ta samu ƴar'uwa. Ta buɗe baki ta kwararo mini Faransanci kamar an fasa randa. Wallahi ban tsinci komai ba sai kalmar "biyu", ita ma don ta ɗaga yatsu ne. Ni kuwa ina gyaɗa kai, "Wi, wi, dakor." Laminu ya matso ya ce a hankali, "Inna, bari in yi mata tambaya." Na ce, "Rufe mini baki, manya na magana."

Da muka fito, ka san abin da na ji? Matar nan ta leƙo taga tana kiran mai ƙosai: "Ke yarinya, na jiya duk mai ne, yau ki zaɓo mini masu kyau!" Hausarta ta fi tawa daɗi. Da na ce mata, "Ƴar nan, maimaita mini da Hausa," da ta maimaita. Girman kai ya hana.

Saboda haka ka ji na farko. In ka shiga biro aka yi maka bayani ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. A maimaita sau uku, da Hausa ma in ta kama. Ba a rubuta wa mutum maki a bakin tebur. Ka shiga da kaye, littafin rubutunka, ka rubuta abin da aka ce, ka karanta wa mai bayanin ya ce haka ne. Ni "wi, wi" ɗina na minti biyar har yau ban gama ganin ƙarshensa ba.

A gindin wata bishiyar maina Laminu ya fassara mini abin da ta ce. Jarrabawa biyu ce, makarantar kuma ta yarda da kowacce. Ɗaya kamar tsani take, hawa-hawa. Kai za ka nuna matakin da kake jin za ka iya takawa. In ka haye, takardar taka ce har ka mutu. In ka zame, ka dawo hannu wofi, kuma ba kullum ake yin ta ba, sai lokacinta ya zagayo. Ɗayar kuwa awo ce, kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Ba wanda ke faɗuwa. Za a auna Faransancinka a rubuta iyakar abin da aka samu, sakamako ya fito da wuri. Sai dai takardarta shekara biyu take aiki.

Laminu ya ce tsanin yake so. Ya ce ya san matakin da zai taka, kuma abin da aka ba ka har abada ya fi. Ni kuwa kunnena wuri ɗaya ya maƙale: ba wanda ke faɗuwa. Na tuna bakin matan rijiya. Na tuna yadda na cika gari da cewa autana zai hau jirgi. Na ce, "Awo za ka yi. Ba za a ce ɗan Tsahara ya je Damagaram ya faɗi ba." Ya ce, "Inna, ki bari in gwada." Na ce, "Ubanka bai yi wata biyar a ƙasa ba har ka fara musu da ni?" Ka ji makamin da na ɗauko. Ya miƙe, muka koma ciki, aka rubuta shi a awo.

Ka lura, Mutari, ban ce jarrabawar awo mugun abu ce ba. Wanda jakarsa ke ɗaure, ya san watan tafiyarsa, ita ce daidai da shi, ba ta ɓata lokaci. Laifin yana ga dalilin da ya sa na zaɓe ta. Ban tambayi makaranta ba, ban tambayi yaron ba, matan rijiya na tambaya a cikin zuciyata. Kai kada ka zaɓi jarrabawa don tsoron abin da za a ce. Masu cewar ba su san ma mene ne ba. In ka haye za su ce asiri ne, in ka zame za su ce dama. Ka rubuta wa makarantar, su gaya maka a rubuce wacce suke karɓa da matakin da suke so, don na ji wasu ƙofofin irin tasu daban suke nema, kuma an ce abubuwa sun canja tun zuwanmu, har wuraren yin ta. Wannan ni ban sani ba, kai za ka bincika. In sun amsa, ka zauna ka dubi gidanku da idon gaskiya: yaushe za ka iya tafiya? In amsar ita ce "sai hali ya samu", kamar yadda ka ce mini, to ka san halin gidanmu ba ya zuwa da alƙawari. Mai jira takardar da ba ta da wa'adi ta kamace shi.

In kuma tsanin ka ɗauka, kada ka taka matakin da ya fi ƙafarka don a ce. Na ji Faransancinka ranar suna, wanda kake yi wa ƴan mata. Yana da ƙamshi, ban sani ba ko yana da nauyi. Laminu ya ce akwai wurin da ake kunna na'ura, wani ya yi ta magana ta hanci da gudu kamar kare ya biyo shi, ba irin ta mushenku mai jan kalma ba. Akwai kuma wurin da za ka zauna gaban mutum ka yi ta bayani. Ka horar da kunnenka tun yanzu, bakin kam Allah ya ba ka, gadona ne.

To Laminu ya yi awo, tiyarsa ta cika har ta zuba. Mushen ya ce abin da ya samu ya wuce abin da makarantar ke nema. Ranar da ya kawo takardar na yi guɗa har muryata ta dushe. Fara ce ƙal, mai kauri, da hotonsa da hatimi. Na ce, "Kawo in ajiye maka, kada yara su ɓata." Na sa ta a leda, na naɗe da ɗankwalin aurena, na sa a kwallar ƙasa, na jera sauran kwallaye shida a kanta.

Ka san rumbun tsimi na kakanka, wanda ke bayan turken shanu. Hatsin cikinsa ba a taɓa shi in shekara ta yi kyau. Sai damina ta ƙi, sai maƙwabta sun fara auna na kasuwa, sannan a buɗe. Kakanka yana alfahari da gero mai shekara huɗu fiye da yadda wani ke alfahari da doki. Haka aka tarbiyyantar da mu: abu mai daraja ba a cin sa ranar wadata. Sai na ce a raina, ai ga rumbun tsimi Allah ya ba ni. In shekara ta yi kyau me zai kai ɗana ƙasar da ba dangin iya ba na baba? In ta ɓaci, sai mu buɗe kwalla.

Laminu ya ce a tura dosiye. Na ce a bari a yi girbi, yayansa, wato ubanka, bai dawo daga ci-rani ba, wa zai kula da gona? Aka yi girbi, shekara ta yi albarka, wake har ba wurin zubawa. Ya sake magana. Na ce, "Wa ke barin gida rumbu cike?" Ya ce, "Inna, takardar nan tana da wa'adi fa." Na ce, "Nono ce da za ta yi tsami? Takardar haihuwarka shekararta nawa, ta mutu ne?" Mutanen tsakar gida suka kwashe da dariya. Ka san in na samu masu dariya ba na tsayawa. Na ce in ya ji tana wari ya gaya mini in shanya ta.

Kada ka ce don me bai ɗauke ta da kansa ba. Kwalla ba ta da kwaɗo, ya san inda take. Ba takardar kaɗai na danne ba, albarkata na danne, shi kuwa ba zai taka ƙofar gida ba sai da ita.

Shekara ta biyu mushen nan ya hau moto, wato babur, ya zo har Yekuwa, rairayi ya kayar da shi sau biyu a hanya, ya iso wandonsa duk ƙaya. Na shimfiɗa masa tabarma, na dama masa fura da nonon da aka tatso da safe. Ya ce, "Inna, na zo ne kan maganar Laminu. Lokaci yana ƙurewa." Na ce, "Mushe, sha fura tukuna." Ya sha. Ya ce, "Inna, in wannan ta wuce ban san ko zan sake samo masa ba." Na ce, "Kai kana da aure kuwa? Ga mu da ƴan mata a garin nan, ka zo kana maganar takarda." Na ba shi labarin dattijon allurar shanu, na ba shi na ƙashin jaki, ya yi dariya har da hawaye. La'asar ta yi, ya tashi. A bakin ƙofa ya dube ni, dariyar ta tafi, ya ce, "Inna, kin iya zance." Na ɗauka yabo ne. Bayan wata kaɗan aka canja masa wurin aiki, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Ga abin da zan gaya maka a nan, kuma shi ya fi yi mini ɗaci. Wanda zai tsare ka ba maƙiyinka ba ne. Maƙiyi ka san shi, za ka kauce. Mai son ka ne zai ce bari a yi girbi, bari a yi Sallah, bari ƙanwarka ta haihu, kowanne kuma gaskiya ne. Ka ji dalilinsa, ka girmama shi, amma ka sa ranar tafiya ka faɗe ta a gaban mutane. Kuma in kana maganar da ta shafi rayuwarka aka mayar da ita wasa, kada ka taya dariya, ko da ni ce.

Shekara ta uku ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Ka tuna ta, kana ƙarami, shekarar da muka kai shanu wajen Dogo-Dogo neman ciyawa, muka dawo da rabinsu, su ma ƙashi da fata. Muka buɗe rumbun tsimi, ya ƙare kafin bazara. Sai na sauke kwallaye shida, na kwance ɗankwali, na kira Laminu. Na ce, "To, yau ranarta ta zo. Ɗauki ka je." Ya karɓa, ya dubi takardar, ya dube ni. Ya mayar da ita cikin ledar. Washegari ya tafi Damagaram, ina jin ko don ya cika umarnina ne, ko yana fatan a tausaya masa.

Bayan kwana uku ya dawo. Ina tsakar gida ina tankaɗe. Ya durƙusa, ya ajiye ledar a gefen tabarmata, ya ce, "Sun ce wa'adinta ya wuce, Inna. Ga ajiyarki." Na ce, "Ba sa duba ta ne? Ko ƙura ba ta yi ba!" Ya ce, "Sun duba." Na ce to a sake wata. Ya waiwaya ya dubi turke. Babu abin sayarwa a ciki, abin da ya rage na bakin yara ne. Mushe ba ya nan, gurbin makarantar an daɗe da ba wani.

Da a nan na tsaya, da wataƙila ina iya haɗa ido da shi yau. Washegari na je rijiya. Matan suka ce, "Tsahara, yaushe za mu raka auta jirgi?" Guga yana hannuna. Na ji bakina ya ce, "Ai Nasaran sun ce bai kai ba." Ni da na hana shi hawa tsani don kada a ce ya faɗi, ni na fara faɗa, a bakin rijiyar da nake tsoro. Kafin azahar magana ta zagaye gari. Ta isa kunnensa. Na jira ya ƙaryata ni. Har yau ina jira.

Da lokacin girbi ya zo ya tattara ya koma Dungas, ya samu moton wani yana ja, daga baya ya yi nasa. Ya yi aure, ya haifi uku. Duk Sallah yana zuwa, ya kawo mini sukari da sabulu, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, "Inna, mun same ku lafiya? Ya ƙafa?" Ɗakina kuwa bai sake shiga ba. In saniyar wani ta kwanta ana kiran sa ya duba, ya duba, ya faɗi abin da ke damunta, ya hau motonsa. Faransanci ban sake ji a bakinsa ba, ko kalma ɗaya. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ya yi mini rashin kunya ko sau ɗaya, da na samu abin riƙewa.

Ka tuna Sallar layya da ta wuce? Kana zaune kana fiffita da takardar bak ɗinka, ya shigo da hular moto a hannu. Ka jefa masa wata doguwar magana da Faransanci, ya yi shiru, ka ce, "Baffa, ka ga abin da ya kayar da kai ke nan." Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, ɗana. Kai dai ka yi karatu." Ina wurin, ina yanka albasa. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, har na fi kowa ƙarfi. Ya gane duk abin da ka ce, Mutari, har kuskuren da ka yi a ciki, na gani a idonsa.

In ka yi kuskure ka faɗe shi da zafinsa. Ni na ce sai gobe, goben ta yi ta haihuwa, yanzu ƴaƴansa ma sun san ubansu a matsayin wanda ya faɗi.

Saboda haka ba zan zaɓa maka jarrabawa ba. Ban cancanta ba, ban ma sani ba. Akwai mutum ɗaya a danginmu da ya san abin nan ciki da waje. Na san Dungas ba kan hanyarka take ba, amma ka ratse. Ranar kasuwa za ka same shi inda masu moto ke tsayawa. Ka gaishe shi gaisuwar ɗa da uba, ka cire wannan tabarau na gayu. Ka nemi gafararsa kan maganar Sallah. Sannan ka ce, "Baffa, tsani ko awo?" Ka saurari abin da zai ce. In ya yi shiru ka jira, shirunsa yana da tsawo, ni na koya masa. In ka ga da hali ka ba shi wasiƙar nan ya karanta. In ka dawo kuma ka karanta wa ubanka, a tsakar gida, da ƙarfi, lokacin da mata ke nan. Ni bakina ya kasa, na gwada Sallah nawa, da na buɗe sai wasa ya fito.

Takardarka kuwa, kowacce ce, kada ka kawo mini. Kada ka ce ai Kaka ta tuba. Ranar Juma'a, kana cikin magana a talho, kafin ka rufe baki na riga na san ɗankwalin da zan naɗe ta da shi. Har na ji daɗi. Ina son ka kusa da ni kamar yadda na so shi, hannun nan bai canja ba, tsufa kawai ya yi. Ka riƙe abarka a jikinka, ranar da ta fito ranar za ka tura dosiye. In kana son kawo mini wani abu ka kawo goro, shekara ashirin ina aure da kai ban ga ko ɓari ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya buɗe maka kunne ranar na'ura, ya daidaita maka harshe a gaban mai tambaya. Allah ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya ko ba daɗi. Ya tsare ka a mota, ya tsare ka a jirgi in ya ƙaddara, ya tsare ka daga sharrin maƙiyi da riƙon masoyi. In rai ya kai mu ga dawowarka, alhamdu lillahi. In bai kai ba, na yafe maka cefanen duka. Ka tafi, na sa maka albarka tun yanzu, a rubuce, don kada in canja magana.

Matarka ta fari,
Tsahara.

Amsar kacici-kacici: takardar Laminu ce, tana nan a kwallar ƙasa, fes. Ni na kashe ta. An buga ranar ƙarewarta a jikinta, ƙasa da hotonsa, da lambobi. Faransanci ya fi ƙarfina, amma lamba ina karantawa. Na karanta tun ranar da ya miƙo mini ita.